Kwamfutar Lauya Da Shari'ar Ɗan Kasuwa A Kurmi

 

Yau ina so mu taɓa wani batu wanda da jin sa wani zai ce ina ruwan biri da gada, wato batun kayan aikin da lauyoyi ke binciken doka da su, da yadda kwamfuta ke ta karɓe wani ɓangare na aikin. Ni ba lauya ba ne, sakandare na gama na dawo rumfar mahaifina ina riƙe masa littafin lissafi. To amma duk wanda ya zauna a ƙasar nan ta Kudu ya san cewa ba ka rabuwa da lauya, ko don rikicin shago, ko bashi, ko belin yaro a caji ofis, ko motar kaya da aka kama a hanya. Tunda kuwa mu ne masu biyan kuɗin lauya, mu ne kuma masu kwana a tsare idan ya makara, to muna da bakin magana a kan kayan aikinsa. Ra'ayina a taƙaice shi ne: kayan nan sun ci gaba ƙwarai, amma ci gaban ya tsaya a manyan kotuna, bai sauko inda shari'ar talaka take ba. In ana son gyara na gaskiya, to daga ƙasa ya kamata a faro.

Bari in fara da yadda aikin yake, don wanda bai sani ba. Tsarin shari'ar Najeriya da muka gada daga Ingila yana tafiya ne a kan hukuncin baya. Abin da Kotun Ƙoli ta yanke dole Kotun Ɗaukaka Ƙara ta bi, abin da wannan ta yanke dole Babbar Kotu ta bi, haka har zuwa kan majistare. Shi ya sa idan lauya ya miƙe gaban alƙali, bai isa ya ce ga abin da yake gani ba, sai ya kawo sashen doka, ya kuma kawo sunan wata tsohuwar shari'a mai kama da tasa, da shekararta, da shafin littafin da aka buga ta. Neman wannan tsohuwar shari'ar shi ake kira bincike, kuma shi ne ke cin mafi yawan lokacin lauyan kirki.

A da sai mai ɗakin littattafai ne ke iya wannan. Marigayi Gani Fawehinmi, wanda ya rasu a 2009, ya yi wa ƙasar nan babban aiki da ya fara buga Nigerian Weekly Law Reports a 1985, yana fitar da hukunce-hukuncen manyan kotuna a kai a kai, domin ƙaramin lauya ya samu abin da a da sai manya ke gani. Amma littafin nan tuni ya haura fitowa ta 1,000, kuma yaron da ya fito daga makarantar lauyoyi jiya ba shi da kuɗin sayensu, ba shi ma da ɗakin ajiye su. Daga baya sai aka samu kamfanoni irin su LawPavilion da Legalpedia suka zuba hukunce-hukuncen nan cikin kwamfuta da waya. Ka rubuta kalma biyu ko uku, cikin ƙiftawar ido su jero maka shari'o'in da suka yi magana a kai. Akwai kuma NigeriaLII da ke bayar da nata kyauta a intanet. Yanzu ga ƙirƙirarriyar basira ta shigo, wadda ba nema kaɗai take yi ba, har taƙaita hukunci take yi, ta kuma tsara wa lauya takardar da zai shigar kotu.

To mu ina amfaninmu a ciki? Na farko, lokaci. Duk wanda ya taɓa raka wani kotu ya san zafin a ce an ɗage. Na sha raka mahaifina a kan wata rigimar shago, ina yi masa tafinta tsakaninsa da lauyansa, kuma akwai ranar da muka bar rumfa tun asuba, muka biya kuɗin mota, muka biya kuɗin zuwan lauya, aka kira shari'ar, lauyan wancan ɓangare ya tayar da wata magana ta doka, namu ya roƙi a ba shi lokaci ya je ya duba. Aka ɗage makonni. Mai tumatir da albasa kuwa kayansa ba sa jiran ranar kotu. Da abin dubawar yana cikin wayarsa, da ƙila a nan take ya ba da amsa.

Na biyu, kuskure. Akwai wata shari'a da kowane lauya a ƙasar nan ya sani, ta Okafor da Nweke, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 2007. Abin da ya faru shi ne an sa hannu a takardun kotu da sunan kamfanin lauyoyi maimakon sunan lauyan da ke cikin rajista, sai kotu ta ce takardun ba su da inganci. A 2012, a shari'ar First Bank da Maiwada, kotun ta sake tabbatar da haka. Shari'o'i da yawa sun rushe ta wannan ƙofa bayan an kwashe shekaru ana yi, kuma ba lauya ne ya yi asarar gida ko fili ba, mai ƙara ne. Irin wannan kuskure na sa hannu, ko na wucewar ranar shigar da takarda, shi ne ainihin abin da na'ura ta fi ɗan Adam iya kamawa, domin ba ta gajiya ba ta mantuwa.

Amma jama'a, ku duba abin da aka zuba a cikin waɗannan rumbuna. Mafi yawansa hukuncin Kotun Ƙoli ne da na Kotun Ɗaukaka Ƙara. Shari'ar zaɓe, ta bankuna, ta kamfanonin mai, ta manyan filaye. Mu kuwa a cikinmu mutum nawa ne shari'arsa ta taɓa kai wa Abuja? Tamu tana farawa a caji ofis, ta ƙare a gaban majistare, in ta yi nisa ta kai Babbar Kotun jiha. Hukuncin majistare ba a buga shi, na Babbar Kotu ma kaɗan ne ke fitowa. Na san lauyoyi za su ce ai hukuncin majistare ba ya ɗaure wata kotu, kuma gaskiyarsu. Sai dai abin da lauyan talaka ke buƙata kullum shi ne dokar jiha a yadda take yau, da ƙa'idojin wannan kotu da yake tsaye a cikinta, da yadda aka saba yanke irin wannan magana a nan. Waɗannan su ne suka fi wuyar samu.

Wannan ya fi damun mu baƙi fiye da kowa, domin dokar da muka baro a gida daban take da wadda muka tarar. A Arewa da Penal Code ake hukunta laifi, a yawancin jihohin Kudu kuwa da Criminal Code, Legas ma tana da tata dokar laifuka ta 2011. Idan abu ya faru, da yawa daga cikinmu sukan ɗauko lauya daga Kano ko Kaduna saboda yarda da kuma harshe. Ba laifi, lauyan Najeriya yana iya tsayawa a kowace kotu a ƙasar nan. To amma in ya sauka Legas yana buƙatar dokar Legas a hannunsa a daren nan, ba sai ya bi ofis-ofis yana aro ba. Na'urar da ba ta fara tambayar a wace jiha ake ba kafin ta ba da amsa, ɓatar da shi za ta yi.

Ga misali da dokar haya ta Jihar Legas ta 2011, wadda ta haɗa da shaguna da gidajen kwana. Ta ce idan babu wata yarjejeniya a rubuce da ta faɗi saɓanin haka, mai biyan haya wata-wata notis na wata ɗaya ake ba shi, mai biya shekara-shekara kuwa wata shida, bayan nan kuma akwai wani notis na kwana bakwai kafin mai gida ya tafi kotu. Amma dokar ta cire wasu unguwanni, wato Apapa da Ikeja GRA da Ikoyi da Victoria Island. Ka ga ke nan ɗan'uwanmu mai shago a Agege da mai shago a Apapa ba doka ɗaya ce ke kansu ba, alhali gari ɗaya suke. 'Yan uwanmu nawa aka watsa wa kaya waje da notis na mako biyu, suka tattara suka tafi suna cewa ƙasar mutane ce? Rashin sani ya fi dare duhu.

Haka batun bashi. A 2018 Legas ta buɗe kotun ƙananan basussuka a ƙarƙashin majistare, aka ƙayyade a lokacin cewa za ta saurari bashin da bai wuce Naira miliyan 5 ba, a gama cikin kwana 60, kuma mutum yana iya tsaya wa kansa ba tare da lauya ba. Wannan kotu kamar don 'yan kasuwa irinmu aka yi ta. Aikinta kusan duk cika fom ne: takardar neman biya, takardar shigar da ƙara, sammaci. Da masu ƙera manhajojin nan za su yi abin da zai cika waɗannan fom daga amsar tambayoyi goma, da lauya ɗaya zai iya taimaka wa mutum ashirin a yini, a kan kuɗi kaɗan.

Sai babbar maganar, wato caji ofis. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum don kawai bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki, a sashe na 32, ta kuma hana kama wani a madadin wanda ake zargi, a sashe na 36. Tsarin Mulki na 1999, sashe na 35, ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tsakanin kilomita 40, in babu cikin kwana biyu. Duk da haka, wa bai san labarin wanda aka kama ƙanensa don shi ba a gan shi ba, ko wanda abokin ciniki ya kai wa 'yan sanda a kan kuɗin buhunan wake? Fiye da rabin mutanen da ke gidajen gyaran hali a ƙasar nan jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba. Kuma idan rikici ya tashi, kamar na Mile 12 a 2016 ko na kasuwar Shasha a Ibadan a 2021, ko aka fito kamen 'yan acaba, wanda ba ya jin Turanci kuma ba shi da dangi a kusa shi ya fi saurin ɓacewa a cikin tsarin. A irin wannan hali sa'o'i ne ke aiki. Lauyan da zai iya fitar da takardar neman beli ko ta neman haƙƙin ɗan Adam daga wayarsa yana tsaye a bakin kanta, ya fi mana amfani a kan wanda ke da ɗaki cike da littattafai a Ikoyi.

Akwai kuma hujja. Cinikinmu yanzu a waya yake: saƙon WhatsApp, alat na banki, hoton rasit. Mutane da yawa suna zaton da sun nuna wa alƙali waya shi ke nan. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya gindaya sharuɗɗa a kan duk abin da ya fito daga kwamfuta, har da takardar shaida mai bayyana na'urar da yadda aka fitar da abin. A shari'ar Kubor da Dickson, ta zaɓen gwamnan Bayelsa na 2012, Kotun Ƙoli ta ƙi amincewa da wasu takardu da aka buga daga intanet saboda ba a cika waɗannan sharuɗɗa ba. In manyan lauyoyin zaɓe sun yi tuntuɓe a nan, ina ga mai sayar da shanu? Wannan takardar shaida ma abu ce da manhaja za ta iya tsarawa cikin minti biyar.

Yanzu bari in juyo ga haɗarin, don kada a ce ina tallan na'ura ne. A 2023, a wata kotun tarayya da ke New York a Amurka, wasu lauyoyi sun shigar da takarda a ƙarar da wani fasinja mai suna Mata ya kai kamfanin jiragen sama na Avianca. A ciki sun kawo tsofaffin shari'o'i shida waɗanda ba su taɓa faruwa ba, ChatGPT ne ya ƙirƙiro su, da sunaye da shafuka kamar gaske. Da lauyan ya tambaye shi ko na gaskiya ne, sai ya ce masa e. Alƙali ya ci su tarar Dala 5,000. A watan Yunin 2025 kuma Babbar Kotu a Landan ta ja kunnen lauyoyi a kan haka, bayan da a wata ƙara aka kawo shari'o'i 45 aka tarar 18 daga ciki babu su a duniya. To idan ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Can hukunce-hukuncensu suna da sauƙin dubawa, shi ya sa asiri ya tonu. A nan, inda majistare ke da shari'o'i rututu a rana ɗaya, ga shi ba lalle yana da inda zai duba ba, wa zai kama ƙaryar? Mai ƙarar da ba ya karanta Turanci ai ba zai gane ba har sai an kayar da shi. Don haka sharaɗin da nake gani shi ne: duk manhajar da za ta ba lauya amsa, dole ta buɗe masa ainihin hukuncin ya karanta da idonsa, in ba ta da shi ta ce ba ta da shi. Shi kuma lauya ya sani cewa sa hannunsa ne a takarda, shi za a tambaya.

Wani zai ce, to ko na'ura ta rage wa lauya aiki, ai ba zai rage mana kuɗi ba. Akwai ƙanshin gaskiya a nan, musamman tunda a 2023 an fitar da umarnin da ya ƙayyade mafi ƙarancin abin da lauya zai karɓa a kan ayyukansa. Amma mu 'yan kasuwa mun san cewa asarar shari'a ba kuɗin lauya kaɗai ba ne. Ranakun da rumfa ta yini a rufe, kayan da suka ruɓe a motar da aka tsare, watannin da yaro ya yi a tsare, duk sun fi kuɗin lauya. Ko da farashi bai sauka ba, in shari'ar wata goma ta koma wata uku, mun ci riba. Wani kuma zai ce kamfanonin nan sun kashe kuɗi wajen tattarawa, dole su sayar. Wannan ma haka ne, ba na jayayya da mai neman halalinsa. Su sayar da ƙwarewarsu ta taƙaitawa da tsarawa. Amma shi kansa hukuncin da alƙali ya yanke da albashin jama'a, da dokar da majalisa ta yi da kuɗin jama'a, bai kamata sai mai kuɗi ne zai gan su ba.

Nan ne aikin hukuma yake. Sashe na 294 na Tsarin Mulki ya ce kotu ta yanke hukunci a rubuce cikin kwana 90 bayan jawabin ƙarshe, ta kuma ba masu shari'a kwafi cikin kwana bakwai. Tunda dole a rubuta, me zai hana a ɗora shi a intanet a wannan mako? Kenya tana da hukumar gwamnati mai buga hukunce-hukunce da dokokin ƙasar kyauta ga kowa, kuma ba ta fi mu arziki ba. Mu kuwa kundin dokokin tarayya da aka buga a 2004 babu Dokar Shaida ta 2011 a cikinsa, babu dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, babu Dokar 'Yan Sanda ta 2020, sai lauya ya bi su ɗaya-ɗaya. Na jihohi kuwa ba a magana. Sannan alƙalai da yawa da hannu suke rubuta duk abin da aka faɗa a kotu, shaida ya yi jumla ɗaya ya jira biro. A 2020, lokacin korona, kotuna sun zauna ta bidiyo, Kotun Ƙoli kuma ta ce hakan bai saɓa wa Tsarin Mulki ba. Wato in an ga dama ana iyawa.

Kada kuma a manta da harshe. Sashe na 36 ya ba wanda ake tuhuma da laifi haƙƙin samun tafinta kyauta, amma a kotunan Kudu sau da yawa rashin tafintan Hausa kaɗai kan sa a ɗage shari'a. Ban yarda a sa na'ura ta yi tafinta a gaban alƙali ba, domin kalma ɗaya tana iya kai mutum gidan yari. Amma tana iya taimaka wa lauya ya bayyana wa wanda yake karewa abin da takarda ta ƙunsa da Hausa, muddin wani mai jin harsunan biyu ya duba.

Mu fa, me ya rage mana? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna da ƙungiyoyin 'yan tumatir da albasa, na mahauta, na 'yan shanu, na 'yan canji, ga fadojin Sarakunan Hausawa a kusan kowane gari. Muna tara kuɗi don gyaran masallaci da kai gawa gida. Ina roƙon iyayenmu shugabanni, Allah Ya ƙara musu lafiya, su ware wani abu don ɗaukar matasan lauyoyi biyu ko uku masu jin Hausa, a biya musu kuɗin shiga waɗannan rumbuna na shekara, a bar lambarsu a kowace rumfa. Mu yaran da muka yi boko mu riƙe rajista: wa aka kama, a wane ofis, ranar nawa, wace kotu, yaushe za a koma. Mu kuma daina ciniki na miliyoyi da baki kawai, a rubuta, a sa hannu, a ajiye rasit, kada a goge saƙo. Kuma idan ka ɗauki lauya ya ce maka ga wata shari'a da ta goyi bayanka, ba rashin kunya ba ne ka ce masa, Barista, don Allah ka karanta ta da kanka? Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sashe na 41 da na 43 na Tsarin Mulki sun ba kowane ɗan Najeriya damar zama da mallakar gida a duk inda yake so a ƙasar nan. Kakanninmu sun zo Kurmi da fataucin goro da shanu tun kafin a rubuta waɗannan sassa. Abin da muke nema shi ne lauyan da zai tsaya mana a gaban majistare ya zo da kayan aiki daidai da na wanda ke tsaya wa banki.

Allah Ya raba mu da sharrin shari'a, Ya kuɓutar da 'yan uwanmu da ke tsare ba da haƙƙinsu ba, Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu. Sai mun haɗu a rubutu na gaba in Allah Ya kai mu.

Wassalam. Naku a kullum, daga Agege.